Kilomita 42 saboda yaron da ya yi shiru

Ɗan yayata yana da shekara 12 lokacin da ya daina hira a gida. Yana amsa gaisuwa, amma ya bar wasa da abokansa, kuma da zarar an ambaci makaranta da safe sai ciwon ciki ya taso masa. Mun daɗe muna cewa taurin kai ne, har da ni a masu yi masa faɗa, kafin wani likita ya zaunar da mu ya ce yaron yana fama da matsananciyar damuwa, kuma ana warkewa. Wata ƙungiya ce ta haɗa shi da mai ba yara shawara. Da ya fara dawowa daidai, na ɗauki alkawarin tara mata kuɗi ta hanyar gudun fanfalaki, ni da ban taɓa gudun kilomita biyar a jere ba.

Atisayen makonni 16 ne, sau huɗu a mako, kuma mafi tsawon da na yi kafin ranar shi ne kilomita 32. Wannan ɓangaren gajiya ce kawai.

Roƙon kuɗin ne ya fi ba ni wuya. Wani abokin aikina dariya ya yi, ya ce, "Yaron da ba ya ciyar da kowa, me zai dame shi?" Da farko da alƙaluma nake ba da amsa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kafin shekara 14 suke somawa. Mutane su gyaɗa kai, aljihu kuwa shiru. Sai na nemi izinin yayata da na yaron, na riƙa ba da labarinsa ba tare da suna ba. Nan ne abu ya sauya. Wannan abokin aikin nawa da kansa ya ja ni gefe bayan kwana biyu, ya rage murya, ya ce 'yarsa ta yi wata biyu ba ta barcin kirki, wa zai kai ta wurinsa? Ya ba da gudummawa, amma tambayar tasa ta fi kuɗin daraja a wurina.

Ranar gudun na tafka kurakurai biyu da aka sha gargaɗina a kansu. Na sa sabuwar safa, na kuma biye wa taro na fita da saurin da ya fi nawa. Wajen kilomita 30 na gamu da abin da 'yan gudu ke kira bango: makamashin da jiki ya tara a tsoka da hanta ya ƙare, ƙafafu suka zama kamar an ɗaura musu duwatsu. Ga bororo ya fashe a diddigen hagu, ina jin danshinsa cikin takalmi. Na koma tafiya, ina ƙirga turakun fitilun titi, in yi gudu tsakanin uku, in taka tsakanin ɗaya.

Cikakken nisan kilomita 42 ne da mita 195. Wannan ɗan ƙarin ya samo asali daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka tabbatar da shi a 1921, kuma a wannan rana ban yafe wa waɗanda suka ƙara shi ba.

Na gama cikin awa 4 da minti 52, kuɗin kuma ya ɗan haura abin da na sa a gaba. Yaron yana bakin shinge da mahaifiyarsa, riƙe da gorar ruwa. Ya dube ni ina ɗingishi, ya ce, "Kawu, tafiyar agwagwa kake yi." Yayata ta juya baya tana share ido da gefen mayafinta, shi kuwa sai dariya yake yi.