Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Tabon da ke Tafin Hannun Baba

Makon jiya na tsaya a dawowarmu gida bayan rasuwar kakata. A wannan damina ce na fara kula da tafin hannun Baba na hagu. Wani tabo ne mai sheƙi, ya ratsa daga gindin babban yatsa zuwa tsakiya, kamar wanda ya damƙi tukunya a kan murhu. Wata rana yana gyaran ƙotar fartanya a zaure na yi ta maza na tambaye shi.

Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Biren ce ta yi min, a Bama."

Baba yana cikin runduna ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, waɗanda suka gwabza da Jafan a yankin Arakan na ƙasar Bama (Burma) a 1945. Shi ne mataimakin mai Biren, wato wata bindiga mai ruwan harsashi. Aikinsa ɗaukar gidajen harsashi da bututu na biyu, domin idan aka yi ruwan wuta bututun yakan ɗau zafi, dole a cire a sa wani. Akwai mariƙin katako da ake kamawa, amma cikin duhu da ruɗu hannunsa ya sauka a kan ƙarfen tsirara.

Abin da ya fi daɗewa a kai shi ne loda harsashi. Ya karya karan dawa gutsi-gutsi ya jera a tabarma, kowane gutsure gindinsa a gaban na ƙasansa. "Ka ga, ɗana, harsashin Ingilishi yana da baki a gindi. In bakin na sama ya faɗa bayan na ƙasa, ta cije, kai kuma ka shiga uku." Gidan na cin 30, amma samanjansu ya hana a wuce 28.

Har ya koma ga Allah, Baba yana ɗauka Turawan Ingila ne suka ƙago Biren. Ni ma sai da na shiga kwalejin horon malamai na gano baƙuwa ce. Asalinta ZB 26, ƙirar garin Brno na ƙasar Cekoslobakiya, kuma harsashin Jamus mai kaurin milimita 7.92 take ci, wanda gindinsa sumul ne, shi ya sa gidansa a miƙe yake. Ingila ta ce sai dai a juya ta ta ci nasu mai kaurin inci .303. Wannan bakin da Baba ke tsoro shi ya sa aka lanƙwasa gidan kamar lauje. Albarushinsu kuma yana barin dauɗa, sai aka matso baya da ramin da hayaƙi ke bi a jikin bututun. Ma'aunin saiti aka mai da shi yadi maimakon mita. A 1937 masana'antar Enfield ta Ingila ta fara ƙera ta, aka ɗebi harufa biyu daga Brno, biyu daga Enfield, sunan Bren ya fita, wanda su Baba ke kira Biren.

Ranar da na karanta wannan, hawaye ne suka zubo min a ɗakin karatu. Na so a ce yana raye in zauna a gabansa in gaya masa dalilin lanƙwasar nan da ya sani da yatsunsa. Da ya saurara, na sani, da ya sake ɗauko karan dawa ya ce in nuna masa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin akwatin ƙarfensa da Inna ta hana kowa buɗewa.