Alhamis, na bi Yaya Lagdo sarin banda

Ƙafafuna duk sun kumbura, bayana kuma ba a magana, amma gara in rubuta yanzu don gobe Juma'a ranar koyon waƙa ce, matan zumunta za su cika min gida tun la'asar, ba zan samu sukuni ba.

Lagdo na je yau, garin nan na bakin madatsar ruwa. Tun Litinin na gaya wa baban yara, yana cikin shirya wa'azi kansa a sunkuye yace to Allah ya kiyaye hanya, ban tabbata ya ji inda nace za ni ba, ni kuma ban maimaita ba. Da sassafe na dama wa yara kunun gyaɗa na sallame su lakwal, wato makaranta, na hau klando, wato ɗan acaɓa, zuwa tasha. Ina isa na tarar Yaya ta riga ni, zaune take kan kwalayenta da ta naɗe ta ɗaure da igiya, ko gaisuwa ba mu gama ba ta dubi ƙafata tace ke ƙanwata da wannan takalmin za ki bakin ruwa, biki aka ce miki? Nan take ta sa na sayi silifas na roba wajen wani yaro. Duk faɗin Garwa, garinmu nan arewacin Kamaru, ban san wani mutum da zai yi min wannan faɗan ba sai ita.

Yaya ba jinina ba ce, ba kuma 'yar cocinmu ba, Musulma ce Bahaushiya, a kasuwa Maman Biyu ake ce mata, bandan kifi take sayarwa tun rasuwar mijinta. Bara muka haɗu a layin asibiti, ni da autana yana zazzaɓin sauro ita da jikanta, saƙon Orange Money ya shigo wayarta da Faransanci ta yi ta juya wayar, sai ta ji ina lallashin yaro da Hausa tace 'yar nan karanta min. A garin nan Fulatanci ne ke tafiyar da kasuwa, Faransanci kuma ofis da lakwal, to in kin ji Hausa a bakin mace dole ki waiga. Mu a gidanmu a garin Gidar da Hausa muka tashi saboda innarmu 'yar wajen Mubi ce. Daga karanta saƙo sai ya zama ni ke riƙe mata kaye, wato littafinta na bashi, duk Asabar in leƙa rumfarta in rubuta wa ya karɓa wa ya biya. Sai da aka daɗe sannan ta san matar fasto ce ni, da ta sani ɗin ma cewa ta yi to ai shi ya sa kike da rubutu mai kyau, ta ci gaba da ƙirga kifinta.

Motar ta cika maƙil, muka haye gadar Binuwai ruwan ya ja baya sosai sai yashi da masu wanki, muka kama hanyar Ngaundere sannan muka karkata. Ko ina karan auduga a gona an gama cira, wata motar kamfanin auduga na Sodecoton ta wuce mu da lodi tana zubar da farin kaɗa gefen titi. Zafin watan Maris kuwa tun ƙarfe 9 ya fara cin mutum. A shingen jandarmomi aka ce kowa ya fito da katinsa, muka nuna muka wuce. Tafiyar ta ɗan haura kilomita 50, amma ni da nake zaune a Garwa sunan Lagdo kawai nake ji, in an ɗauke wuta a ce ruwan Lagdo ya yi ƙasa, in damina ta yi nauyi a ce za a buɗe Lagdo, 'yan'uwan innarmu na Najeriya su yi ta bugo waya, don ba su manta ambaliyar 2012 ba. Yau dai na ga abin da idona. 'Yan China ne suka gina madatsar aka gama a 1982, ruwa ne iyakar ganinki da duwatsu tsaitsaye a tsakiyarsa. Wani tsoho a motar yace kafin a tare ruwan duk wurin nan gonaki ne da ƙauyuka, da tafki ya samu sai masunta suka yi ta zuwa, Musgum da Kotoko daga can arewa, Hausawa, mutanen Najeriya, har daga Mali. Da muka sauka kuwa na gaskata shi, kowane lungu da yarensa.

Bakin ruwa hayaniya ce zalla, kwalekwale na isowa mata na rugawa da daro, ga karfasa ga tarwaɗa ga giwan ruwa ɗaya da sai da maza biyu suka ɗauke shi. Mu ba ɗanye muka zo saye ba, Yaya ta ja ni can baya inda ake banda, murahu ne na laka jere da waya a kai, hayaƙi na shiga ido, wata mata da goyo tana juya tarwaɗa da hannu ba ko tsumma. Nan na ga aiki. Yaya ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta ɓalle shi biyu ta duba cikin, ta bubbuga shi a tafin hannunta. Tace duba nan, in kin buga kin ga gari ya zubo to ƙwari sun riga ki, in kuma cikin da laushi yana maiƙo bai bushe ba, nauyin ruwa za ki saya, kafin sati ya yi funfuna. In kuma kin ga ƙuda ko ɗaya bai sauka a kai ba, ki ji tsoro, an zuba masa magani. Ta miƙo min wani tace gwada. Na shinshina nace wannan ya yi. Ta karɓa ta duba tace ya yi, ta jefa a kwali. Tsakani da Allah daɗin da na ji ya fi na ranar da aka ba ni kyautar atamfa a taron mata.

Sai ciniki. Dillalin wani dogo ne mai baki, ya yi ta lissafi da sauri yana haɗa dala da jaka yana tsallake, ni kuma kaye na hannuna ina binsa. Da ya faɗi jimla nace malam ba haka ba ne, ka sa la'adarka sau biyu, ɗaya kan kowane kwali ɗaya kuma a kan duka. Ya dube ni yace Hajiya wannan 'yarki ce ko akawu kika ɗauko? Yaya tace ƙanwata ce, kuma da kuɗinta a ciki, ka gyara. Ya yi dariya ya gyara.

Eh da kuɗina a ciki. Jaka 40, wato sefa dubu 40, na kwasan adashe, ban sayi komai na gida da su ba, kwali ɗaya cikin biyar nawa ne. Ina yarinya lissafi ne abin da na fi iyawa, na ci jarrabawar BEPC ta ƙaramar sakandare, babanmu ya so in wuce makarantar horon malamai, sai aure ya zo. Lokacin baban yara mai bishara ne a ƙauye, daga nan makarantar tauhidi, daga nan kuma sai canjin wuri, yau a ce wajen Kaele gobe a ce wajen Poli, kina fara sabawa da maƙwabciya sai takarda ta zo a ɗaure kaya. Ba ƙorafi nake ba, mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma duk inda muka sauka kafin a sauke katifa an riga an san ko ni wace ce, Mama ce, har tsohuwar da ta isa ta haifi innata Mama take ce min. Gidan na coci ne, kowa da ikon shigowa, miyar da na dafa an sani, zanen da na ɗaura ranar Lahadi an san kuɗinsa. Wadda mijinta ya doke ta wurina, wadda 'yarta ta yi ciki wurina, wadda bilbil, burkutun nan, ya cinye albashin mijinta wurina, in saurara in yi addu'a in haɗiye, ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To nawa fa? In na buɗe baki nace na gaji, gobe za a ce fasto da matarsa ba lafiya. In na ja mace ɗaya a jiki cikin zumunta sauran su ce Mama ta zaɓi nata, ko a ce don ƙabilarsu ɗaya ne. Ko ra'ayi na faɗa kan launin zanen taro sai a ɗauka daga bakin fasto ya fito. Haka na koyi murmushi da cewa Allah ya ba da haƙuri, shekara da shekaru.

Yaya kuwa ba ruwanta da duk wannan. Ba ta da kujera a coci, ba ta neman in sa baki a ɗaura auren ɗanta, in na yi shirme tace kin yi shirme. Da azahar ta yi ta ba ni jakarta da kuɗin duka ta tafi alwala, na zauna gindin dogon yaro ina gadin kwalaye har ta idar. Sannan muka sayi gasasshiyar karfasa da yaji da albasa da folere, wato zoɓo, mai sanyi a leda, na sunkuyar da kai na yi addu'ata ta jira ni, ta yi bismillarta muka ci. Muna ci tana ba ni labarin surukarta da ke ɓoye mata sukari, na yi dariya har na ƙware. Ni ma sai na ji bakina ya buɗe, na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, cewa wata Lahadin ina zaune a bencin gaba ana waƙa ni tunanina yana can kan yadda da na zama malamar lissafi. Na zata za ta yi min nasiha. Ta zare ƙaya daga bakinta tace to yanzu ma wa ya riƙe ki, ga 'yan biyuna can lissafi na kayar da su kullum, ki zo ki koya musu in biya ki da kifi.

Mun shigo Garwa bayan la'asar, kuma a tasha ne abin da nake gudu ya faru. Ina tsaye kan kwalina ina ciniki da mai amalanke, zani duk toka, sai ga matar ɗaya daga cikin dattawan coci. Tace Mama! ke ce? Ta dubi kwalin ta dubi Yaya da mayafinta, ta sassauta murya tace Mama lafiya dai ko, wani abu ya faru a gida ne ba ku faɗa mana ba? Na gane inda ta dosa. A wurinsu matar fasto ta ɗauki kaya a tasha gori ne ga jama'a, kamar an ce sun kasa ciyar da mai yi musu hidima. Ba mugunta ba ce, matar nan ita ta kwana da ni a asibiti haihuwar auta. Nace lafiya lau, Lagdo muka je da yayata. Tace au, ban san kina da 'yar'uwa a nan ba. Yaya ta gaishe ta da Fulatanci faran-faran, har ta ciro banda biyu ta ba ta tace a yi wa yara miya. Ta karɓa, amma na san kafin gobe da la'asar labari ya zaga, ga shi dama akwai rigimar zanen ranar mata ta 8 ga Maris da ba mu gama ba, wasu na so mu ɗinka mu fita fareti a matsayin zumunta, wasu sun ce kuɗin ya yi yawa kuma abin ya zama na shaye-shaye da yamma. Duka biyun jira suke Mama ta yanke.

Da dare na yi miyar kuka da bandan, ba wuta, muka ci da fitilar waya. Baban yara ya cinye ya ƙara, sannan yace wannan kifin daga ina. Nace Lagdo, ai na gaya maka. Ya yi shiru yace har can? Na zayyana masa komai, adashen, kwalin, matar dattijo. Ya daɗe yana murza goshi, yace Mama, kin san Talata akwai zaman dattawa, in sun tambaye ni me zan ce. Nace ka ce matarka ta je sarin kifi da kuɗin adashenta, ba na baikon coci ba. Yace ba kifin ne zai dame su ba. Nace na sani. Bai ce in bari ba, bai ce in ci gaba ba, can dai da zai tashi yace to nawa ake samu a kwali ɗaya, na buɗe kaye na nuna masa, ya ɗaga gira.

Matsalar da ta rage ita ce kasuwar Pitowa, ranar Lahadi take ci, can kuma banda ya fi tafiya musamman yanzu da azumi ya matso mutane na tanadi. Ni ba halin zuwa, ƙarfe 8 ina bencin gaba. Ɗazun Yaya ta turo murya ta WhatsApp tace za ta haɗa da nawa ta tafi da shi amma kar in zata kyauta ne, za ta cire kuɗin mota da na ɗan dako, sefa 700. Nace haba Yaya 500 dai. Tace ke kika koya wa dillali lissafi yau za ki koya min ni ma? Mun tsaya a 600, ni zan kawo igiya da sabon kwali ranar Asabar, in kuma duba littafin 'yan biyu.