Lambar wa makaranta ke fara kira?

A takardar shigar da yaro makaranta akwai wurin rubuta lambar wanda za a kira idan wani abu ya taso, layi biyu, sama da ƙasa. A yawancin gidajen da na sani lambar uwa ce a sama, ko da ita ce wurin aikinta ya fi nisa. Ba wanda ya zauna ya yanke hakan. Wadda biro ke hannunta ce ta rubuta lambar da ta haddace. Daga ranar kuwa, duk zazzaɓin da ya kama yaro da hantsi, wayarta ce za ta yi ƙara.

Ni akanta ce, 'ya'yana biyu, babbar tana firamare, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Masu yi mini sannu sukan ce taura biyu ba ta taunuwa, wai ina nake samun lokaci. Awa takwas na ofis ban taɓa jin tsoronsu ba, na san yadda zan yi da su. Abin da ke kayar da ni shi ne wanda ya zo ba sallama: taron da aka kira ƙarfe huɗu saura kwata, mai raino da ta bugo da asuba ta ce yau ba za ta samu zuwa ba. Aikinmu kuma ƙarshen wata ba ya jiran kowa. Dole a daidaita lissafinmu da na banki, a rufe littafi, a fitar da albashi, ko yaro na amai ko ba ya yi.

Na daɗe ina ɗauka rashin tsarina ne, sai da na karanta aikin Claudia Goldin, malamar Jami'ar Harvard da ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023. Ta bi diddigin aikin mata a Amurka na sama da shekara 200. Abin da ta gano shi ne, a zamanin nan yawancin ratar albashi tsakanin namiji da mace tana cikin sana'a ɗaya ce, kuma tana buɗewa ne bayan haihuwar fari. Dalilin da ta kawo ya zauna mini daram. Ayyuka da yawa suna biyan lada mai tsoka ga wanda za a kira kowane lokaci ya amsa, dare ko Lahadi. Miji da mata ba za su iya zama haka su biyun ba, don dole wani ya zama na kiran gida. Sai ɗaya ya riƙe aikin mai cin lokaci, ɗayan ya nemi mai sassauci. Ta fuskar kuɗin gida lissafin daidai ne, ni da ke zaune da lissafi ba zan musa ba. Sai dai kusan kullum mace ce ke ja da baya. Ko a Denmark, inda gidajen raino suka wadata, bincike ya nuna kuɗin da mata ke samu yakan ragu da kusan kashi 20 cikin 100 bayan haihuwar fari idan an gwada da na maza, kuma ratar ba ta rufewa.

Hutun haihuwa ma akwai abin dubawa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta ce kada ya gaza mako 14, kuma a bai wa mai shayarwa lokacin shayarwa a cikin awannin aiki ba tare da an yanke mata albashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce nonon uwa zalla har wata shida. Mako 14 wata uku ne da 'yan kwanaki. Sauran watannin fa? Ni a ɗakin ajiye fayil na cike su, na jingina kujera da ƙofa saboda makullin ya lalace, ina tatsa ina duba agogo. Nonon da aka tatsa ba ya wuce awa huɗu a waje, a firji kuma kwana huɗu, don haka kwalbar takan shiga firjin ofis, can baya, na naɗe ta a leda don kada wani ya tambaya. Wannan ba ya cikin takardar ɗaukar aikin kowa.

A gida kuwa maigidana mutumin kirki ne, duk abin da na ce ya yi zai yi. Matsalar ke nan. Wata rana na yi ƙorafi cewa ranar rigakafin ƙaramin ta kusa wucewa, sai ya ce, "Haba, ai da kin faɗa mini da na kai shi."

Na ce, "Baban yara, tunawa da faɗa maka ɗin ma ai aiki ne."

Ya yi shiru, don bai taɓa kallon abin ta nan ba. Sweden, wadda tun 1974 ta buɗe hutun raino ga iyaye maza, yanzu tana ware wa uwa da uba kowane ɗaya kwana 90 da ba zai iya miƙa wa ɗayan ba. Ina ganin hikimar a nan take: uban da aka bari shi kaɗai da jariri shi zai san inda katin asibiti yake ba sai ya tambaya ba.

Mu ba mu da irin wannan hutun, sai muka raba abin gida-gida. Asibiti nasa ne ɗungurungum, daga tuna rana har riƙe kati da sayo magani, ban sa baki. Makaranta da kayan sawa nawa ne. Makon ƙarshe na wata kuma duk wani kira nasa ne. Abin da ya fi mini wuya shi ne kame bakina idan ya yi abu ba yadda zan yi ba. Yarinya ta taɓa tafiya da safa kala biyu, na gani, na haɗiye.

A ofis na daina ba da haƙuri da dogon bayani. Na shiga wurin shugabana na ce, "Yallaɓai, duk taron da ake so in zauna, a sa shi kafin ƙarfe uku. Abin da ya rage zan ƙarasa da dare, da safe ka same shi a teburinka." Ya amince, kuma bai taɓa samun teburin babu komai ba. Amma da muƙamin da ke buƙatar tafiye-tafiye ya fito, ba a ma tambaye ni ba, an riga an yanke mini cewa ba zan iya ba. Wataƙila da na ƙi. Na so dai a ce daga bakina aka ji.

Shi ma maigidan ya fara ɗanɗanawa. Ƙarshen watan jiya jikin ƙaramin ya yi zafi, ya nemi izinin fita daga wurin aiki. Shugabansa ya ɗago kai ya ce, "To ina uwar yaron?"

Ya ce, "Tana rufe littafin wata, ranka ya daɗe."

An ba shi izinin, amma ya ce har ya kai ƙofa mutumin yana binsa da kallo.