Fuka da hawan jini a jiki ɗaya: abin da aikin asibiti ya koya min

Idan mai ciwon fuka, wato asma, ya zo jininsa ya hau, kafin a ƙara masa ƙwaya a ce ya zazzage ledar magungunansa a kan tebur. Sau da yawa abin da ya ɗaga jinin yana ciki.

Abin da aka fi tararwa shi ne prednisolone ko dexamethasone, ƙwayoyin kwantar da kumburi, da mutum ke saye a kemis duk sanda ƙirji ya ɗaure. Suna aiki kam, shi ya sa ake manne musu. Likita ma yana bai wa babba prednisolone idan ciwon ya tashi da ƙarfi, 40 zuwa 50 mg a rana, kwana 5 zuwa 7, a tsaya. Wanda ya mayar da su abin sha wata da watanni kuwa, jikinsa zai riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau, suga ya hau, kumatu su cika, ƙashi ya yi rauni. Kuma ba a yanke masa su dare ɗaya, domin jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin mai aiki irin nasu, jinin na iya faɗuwa ƙasa warwas. A hankali ake janyewa.

Shuɗiyar inhela ta salbutamol tana buɗe hanyar iska cikin 'yan mintuna, amma ba ruwanta da kumburin da ke ciki. Yawan shaƙarta na kawo bugun zuciya da karkarwar hannu, yana rage sinadarin fotasiyam a jini, musamman ga mai shan ƙwayar fitsari irin hydrochlorothiazide. Awon jinin da aka yi mutum yana haki ba abin yanke hukunci ba ne, a bari numfashi ya daidaita a sake. Gwangwani ɗaya feshi 200 ne. Wanda ke ƙarar da uku ko fiye a shekara, fukarsa ba ta kwanta ba, inhelar rigakafi yake buƙata, mai beclometasone ko budesonide, ko da yana jin garau. Kaɗan ne daga cikinta ke shiga jini, don haka ta fi ƙwayoyin prednisolone da dexamethasone aminci ga mai hawan jini. A kurkure baki bayan shaƙa, gudun farin ƙurajen baki da dashewar murya.

Maganin hawan jini ma yana iya taɓa fuka. Propranolol na ƙuntata hanyar iska har ya hana salbutamol aiki, haka ma timolol da ake ɗigawa a ido saboda hawan jinin ido, wanda mara lafiya ba ya kawo shi a lissafi sai an tambaya. Lisinopril na sa busasshen tari da ake ɗauka fuka ce ta tashi, a yi ta ƙara inhela a banza, alhali sauya shi da losartan ya wadatar. Amlodipine ba ya taɓa numfashi. Magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac suna ɗaga jini, kuma su da asfirin suna tayar wa wasu fuka.

Abin da ke tayar da ciwon kowa da nasa: ƙurar hunturu, hayaƙin itace da na janareta, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, kyankyasai, ƙaiƙayi lokacin sussuka, mura. A yayyafa ruwa kafin shara, a koma gidan sauro.

Kafin a ce magani ya gaza, a sa mutum ya shaƙa a gabanka. Da yawa a harshe feshin ke tsayawa. Gorar ruwa ta roba mai 500 ml na gyara wannan: a huda gindinta daidai bakin inhela, a cusa a toshe gefe, a girgiza, a fesa sau ɗaya, a ja numfashi 4 zuwa 6 ta bakin gorar kafin feshi na gaba. Idan ciwon ya tashi, a zaunar da shi ya miƙe bayansa, feshi 4 zuwa 10 ta gorar duk minti 20 na awa ɗaya. In ya kasa haɗa jimla, ko leɓe ya sauya launi, ko barci ya fara fizgarsa, ba a jiran awar ta cika, a tafi asibiti ana ci gaba da feshin a hanya.