Kwana uku a New Orleans, mahaifar kiɗan jaz

Tun ina yaro nake jin busar Louis Armstrong da muryar nan tasa mai kaushi a wani tsohon faifan garmaho na mahaifinmu. Mu yara kiɗan Turawa muke ce masa. Sai da na yi hankali na san mutumin baƙar fata ne, jikan bayi, kuma kiɗan da yake yi, wato jaz, a hannun irinsa ya tashi. Don haka da ziyarar 'yan'uwa ta kai ni Houston, na ce ba zan bar Amurka ba sai na taka garin da aka haife shi a 1901.

Bayan sallar Juma'a na shiga bas. Tafiyar ta fi awa shida, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata doguwar gada da ta ratsa fadama a jihar Louisiana, ruwa dama da hagu, itatuwa tsaye a cikinsa. Da dare muka shiga New Orleans, gari a bakin kogin Misisipi, iskarsa da nauyi kamar ta tsakiyar damina. Abincin farko da na ci ana ce masa gumbo, miya ce mai kauri da ake zubawa kan shinkafa. Na nemi wadda ba naman alade, aka kawo mini ta jatan lande, ina kai cokali baki na ji kuɓewa.

Ranar Asabar na tafi gidan tarihin jaz da ke tsohon ginin buga kuɗi a titin Esplanade. A cikin gilashi na ga ƙahon da Armstrong ya fara koyon busa da shi, ƙarami, duk ya sha hannu. A jajibirin sabuwar shekarar 1913 ya harba bindiga sama, aka kai shi gidan horon yara, a can ya shiga badujalar gidan. Na daɗe tsaye gaban ƙahon nan. Kafin shi an yi wani mabushi, Buddy Bolden, wanda da yawa ke cewa shi ya buɗe wannan hanya, amma babu faifansa ko ɗaya da ya iso gare mu. An kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, a can ya rasu a 1931. Faifan jaz na farko kuwa, wanda aka ɗauka a New York a 1917, ƙungiyar farar fata ce ta yi shi. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai.

Daga nan kiɗan ya bi jama'arsa zuwa arewa, lokacin da baƙar fata ke barin kudu don neman aiki da gudun wariya. Armstrong ya tafi Chicago a 1922 wajen maigidansa King Oliver. A New Orleans mabusa tare suke busa, kowa na saƙa tasa a cikin ta ɗan'uwansa. Armstrong ne ya ɗaga darajar mutum ɗaya ya fito fili ya ƙirƙiri nasa nan take, saura suna riƙe masa. A shekarun 1930 aka koma manyan ƙungiyoyi masu makaɗa fiye da goma, irin ta Duke Ellington da ta Count Basie, kiɗan rawa da ake kira swing. Sai matasa irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka zo da bebop a shekarun 1940, mai sauri da sarƙaƙiya, na zama a saurara. Miles Davis ya sanyaya shi, daga baya wajen 1970 ya haɗa shi da kayan kiɗa na lantarki. Ni dai har yau kunnena ya fi sabawa da na farkon, ko da yake na yarda kowane zamani da damuwarsa ya zo.

Da daddare na bi layi a titin St. Peter don shiga Preservation Hall, wanda aka buɗe a 1961 domin tsoffin makaɗa su samu wurin yin kiɗan asali. Ɗaki ne ɗan ƙarami, bango ya tsufa, 'yan benci kaɗan, saura a tsaye. Ina kusa da mai ganga har ina ganin gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mai ƙaho ya jefa, mai sarewa ya amsa, mai dogon ƙahon da ake ja ana turawa ya bi ta ƙasa. Nan na ji abin da na sani tun a gida: mawaƙi da 'yan amshi, sai dai a nan kayan busa ne ke magana.

Amma Lahadi ce ranar da na zo dominta. A cikin lambun da aka sa wa sunan Armstrong, a unguwar Tremé, akwai dandalin Congo. A 1817 hukumar gari ta taƙaita taron bayi zuwa wannan fili, ranar Lahadi kawai. A nan suke cin 'yar kasuwarsu, su buga ganguna, su yi rawa da waƙa da harsunan da aka rabo su da su, a lokacin da wurare da yawa a kudancin Amurka suka hana bawa taɓa ganga. Manyan itatuwa sun yi wa filin rumfa, an shimfiɗa duwatsu a da'ira. Bayan azahar na tarar da mutane sun zagaye da gangunansu. Wani dattijo mai furfura ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, “Ɗan'uwana, ka zo gida.” Na ce, “Baba, na gode.” Ya turo mini ƙaramar ganga. Na buga irin wanda nake ji a bikin unguwarmu, bai ɗauki minti ɗaya ba ya kama, ya ɗora nasa a kai. Hawaye suka zo mini. Na tuna cewa Armstrong da kansa ya taka Accra a 1956, ya zo Najeriya a 1960.

Ina fitowa daga lambun na ji badujala daga nesa. Jerin gwanon Lahadi ne na ƙungiyoyin taimakon juna na unguwanni, waɗanda tun asali suke haɗa kuɗi don jinyar membobi da jana'izarsu. Makaɗa a gaba, jama'a a baya suna rawa da laima da hankici, yara a wuyan iyayensu. Ambaliyar guguwar Katrina ta 2005 ta watsa mutanen waɗannan unguwanni, amma ga shi da yawa sun dawo da ƙahonninsu. Na bi su titi bayan titi har la'asar ta yi, sannan na koma masauki na haɗa jakata, don da sassafe bas ɗin Houston zai tashi.