Tambayar ƙarin karatu a gaban masu ɗaukar aiki

A kusan kowace intabiyu ta neman aiki a Ingila, akwai lokacin da za a rufe takardu a dube ka a ce, "To, kana da wata tambaya?" Duk wanda ya san cewa akwai tsarin koyon sana'a na babban mataki, wato yin karatu ana kan aiki, da kamfani ke ɗaukar nauyinsa, a nan zuciyarsa ke rabuwa biyu. Ya tambaya, a ce ba aikin ne ya kawo shi ba? Ko ya ja bakinsa ya yi shiru, ya kama aiki, sai an shekara ya gano babu ƙofar gaba? Na zauna a kujerar mai neman aiki, daga baya na zauna a gefen masu yin tambayoyin, kuma ra'ayina shi ne a tambaya. Sai dai yawancin masu tambayar ba su san abin da suke roƙo ba. Suna zaton kuɗi ne, alhali abin da ke ɗaga wa manaja hankali shi ne lokaci.

Koyon sana'a a Ingila hawa-hawa ne. Mataki na 2 da na 3 su ne na ƙasa. Na 4 da na 5 sun yi daidai da shekarun farko na jami'a, na 6 digiri ne cikakke, na 7 kuma digiri na biyu. Tun 2015 aka buɗe hanyar samun digiri ta wannan tsari: kana aiki, kana karɓar albashi, kana karatu, ba ka biyan ko kwabo na makaranta. Ga wanda ya san ɗalibin jami'a na biyan sama da fam 9,000 kowace shekara, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba kuma yara masu gama sakandare kaɗai ake ɗauka ba, ma'aikacin da ya daɗe a kamfani ma zai iya shiga, muddin sabon abu zai koya.

Kuɗin karatun, a manyan kamfanoni, sun riga sun fita daga aljihu. Daga Afrilun 2017, duk kamfanin da jimillar albashin ma'aikatansa ta wuce fam miliyan 3 a shekara yana biyan harajin kashi 0.5 cikin 100, a tara masa a wani asusu na horar da masu koyo. In wa'adi ya cika bai taɓa su ba, sun tafi hannun gwamnati. Ƙananan kamfanonin da ba sa biyan wannan haraji, an daɗe ana karɓar kashi 5 cikin 100 na kuɗin horon ne kawai daga gare su, gwamnati ta cika sauran. Saboda haka idan ka ambaci koyon sana'a a babban kamfani, mai kula da asusu ba zai ji komai ba, wataƙila ma daɗi zai ji.

Wanda zai ji a jikinsa shi ne mutumin da za ka yi aiki ƙarƙashinsa, kuma galibi shi ne zaune a gabanka da biro a hannu. Ƙa'ida ta ce dole a sakar wa mai koyo wani yanki na lokacin aikinsa don karatu, a kuma biya shi albashin wannan lokacin. Da farko kashi 20 cikin 100 ne, daga 2022 zuwa 2025 kuma mafi ƙarancinsa awa 6 ne a mako. Ko ta yaya aka lissafa, kusan yini guda ne kowane mako, kuma a matakin digiri abin na iya ɗaukar shekara uku zuwa sama. Manajan da ya yi wata da watanni yana roƙon a ba shi izinin ɗaukar mutum ɗaya saboda aiki ya yi wa sashensa yawa, da ya ji tambayarka, lissafin da zai fara yi a ransa shi ne wa zai riƙe teburinka ranar da kake aji. Da na fahimci wannan, sai na daina ganin shirun da wasu manajoji ke yi bayan tambayar a matsayin rowa.

Akwai wata mai neman aiki da har yanzu nake tuna yadda ta yi tata tambayar. Gurbin ƙaramin ma'aikaci ne a sashen lissafi. Ta amsa duk abin da aka tambaye ta, ta fara da tambaya kan yadda ƙarshen wata ke kasancewa a ofishin da manhajar da muke aiki da ita, sannan ta buɗe ɗan littafinta ta ce, "Na ga a shafinku kuna da masu koyo a mataki na 4. Waɗanda suka shiga, sun yi kamar wata nawa a aiki kafin a tura su, kuma ya kuke tsara ranar karatunsu idan ta faɗo a makon rufe lissafi?" Abokin aikina, wanda tun safe yake murza ido, ya gyara zama. Ya shafe mintoci yana ba ta labarin yadda suke musanya ranaku da kwaleji. Ba ta ce a ba ta komai ba. Ta nuna ta karanta, ta nuna ta san akwai wahala a ɓangarenmu, ta kuma nuna tana hango kanta a wurin bayan shekara biyu.

Wani kuma, a wata ranar, ko zama bai gama yi ba ya ce shi fa burinsa digiri ne, yana so ya san yaushe za a sa shi. Ba ƙarya ya yi ba, kuma ban ga laifin burinsa ba. Amma duk amsar da ya bayar bayan nan, da kunnen wanda ke jiran tafiya muka saurare ta. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sai dai asirinsa ya tonu. A intabiyu asirin zai tonu ko ka so ko ba ka so, abin dubawa shi ne wanne ne zai fito.

Shi ya sa nake cewa a ajiye tambayar karatun sai ƙarshe, kuma kada ta zama ta farko cikin tambayoyinka. A kuma tambayi abin da kamfanin ya riga ya yi, maimakon abin da zai yi maka. "Akwai wanda ya bi wannan hanya daga wannan sashe?" tambaya ce mai sauƙin amsawa, kuma tana da wuyar yi wa kwaskwarima. Ko dai su kira maka mutum da matakin da yake, ko su fara kame-kame da cewa suna mutunta cigaban ma'aikata. Kame-kamen ma amsa ce, kuma gara ka ji ta kafin ka ajiye aikin da ke hannunka.

Idan gurbin da kake nema shi kansa na koyo ne, a mataki na 3 misali, to babu abin jin nauyi. Masu ɗaukar ɗan koyo suna so su ji yana tunanin hawa na gaba, domin sun san wahalar horar da mutum ya gama ya tafi. Inda nake shawartar a yi hattara shi ne wanda ya riga ya cancanci babban mataki amma ya nemi ƙarami don kawai ya sa ƙafa a ciki, sannan a tsakiyar intabiyu ya ce ko za a ɗaga shi. An tsara gurbin da kwas ɗinsa da makarantarsa tun kafin a tallata shi, ba abin da za a sauya a kan tebur ba ne. Ya fi kyau ya tambayi lokacin da suke tallata manyan guraben.

Aikin wucin gadi na wata shida kuwa, kada ma a ɓata baki.

Abu biyu ne nake ganin mutane na mantawa da zarar sun ji "e". Na farko albashi. Doka ta ware wa masu koyo nasu mafi ƙarancin albashin, wanda ya kasance fam 7.55 a awa a Afrilun 2025, lokacin da na babban ma'aikaci ɗan shekara 21 zuwa sama yake fam 12.21, kuma ana iya biyan ko babba wannan ƙaramin kuɗi a shekararsa ta farko ta koyo. Kamfanonin kirki ba sa rage wa ma'aikacinsu albashi don ya shiga karatu, amma ka ji daga bakinsu. Na biyu, ka tabbatar da wane irin karatu ake nufi. Idan ta tsarin koyon sana'a na gwamnati ne, ba a yarda kamfani ya nemi ka biya kuɗin horon ba, ko da ka bar aikin kafin ka gama. Idan kuwa kwas ne da kamfani ya biya daga aljihunsa, sau da yawa za a sa ka sa hannu cewa za ka mayar da kuɗin in ka tafi da wuri. A baki duka biyun "za mu ɗauki nauyin karatunka" ake cewa.

Waɗannan ba maganganun ranar intabiyu ba ne. Ka bari sai an kira ka an ce an ɗauke ka, lokacin da ƙarfi ya ɗan dawo hannunka. A nan ne za ka nemi a rubuta maka, ko da layi biyu ne a imel, cewa za a duba batun bayan ka gama watannin gwaji. Manajoji na sauya wurin aiki, wanda ya gaji kujerar bai san da alkawarin baka ba. Dokokin ma ba sa zama wuri ɗaya: daga Janairun 2026 gwamnati ta janye tallafin mataki na 7 ga mafi yawan waɗanda suka kai shekara 22, wato duk wanda aka yi wa alkawarin digiri na biyu "nan gaba" ba tare da sa rana ba, ya wayi gari sai dai kamfanin ya biya da kansa in ya ga dama. Wanda bai daɗe da shigowa ƙasar ba kuma ya fara duba sharaɗin zama, domin a bisa ƙa'ida ana neman shekara uku kafin a shiga tsarin, ko da kamfanin ya amince.