Alfaharin Sabon Ɗalibi da Yadda Makaranta Ta Sarrafa Shi

Duk yaron da aka ɗinka wa kayan makarantar kwana, aka rubuta sunansa da fenti a jikin akwatin ƙarfe, yakan shiga ƙofar makaranta da wani irin alfahari wanda ba ya ɓoyuwa, kuma da irinsa ni ma na shiga ƙaramar seminari ta St. Joseph da ke Zariya, wato makarantar da ke shirya yara maza masu niyyar zama Fada, limamin Katolika. Ga Bahaushe ɗan Katolika wanda ya tashi a ƙauye, inda katikis, wato mai koyar da addini, ke jagorantar addu'ar Lahadi saboda Fada ba ya samun zuwa kowane mako, samun gurbi a makarantar maza ta Ikilisiya babban al'amari ne. An sanar da labarin a majami'armu, iyayenmu na Zumuntar Mata suka haɗa mini garin kwaki da ƙuliƙuli da sabulu, Baba kuwa iyakar abin da ya ce shi ne, "Da sunan gidan nan za ka tafi, ka riƙe shi da kyau."

Wanda bai san tarihin Zariya ba zai yi mamakin wannan ɗoki, domin gari ne da makarantu ba su yi masa ƙaranci ba. Kwalejin Barewa ta ƙauro nan a 1949, an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga kuma tsofaffin makarantun mishan na Wusasa. Sai dai a 1972 gwamnati ta karɓe makarantun mishan na wannan jiha, wadda yanzu ake kira Jihar Kaduna, aka mai da St. Paul ta Angilika da ke Wusasa ta zama Kwalejin Kufena, St. John ta Katolika da ke Kaduna kuma ta zama Kwalejin Rimi, har yau dattawanmu da tsofaffin sunayen suke kiransu. Saboda haka makarantar da ta ci gaba da zama a hannun Ikilisiya tana da wata daraja ta daban a idon iyayenmu. Tun makon farko manyan ɗalibai suka sanar da mu cewa Matthew Hassan Kukah, wanda aka naɗa Fada a 1976 kuma ya zama Bishop na Sakkwato a 2011, a nan ya yi karatu, mu kuwa muna jin labarin kamar da mu aka yi.

Wannan shi ne darasin da ya fi zauna mini: alfaharin sabon ɗalibi na aro ne. Babu ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓuka wani abu a lokacin, sunan wasu ne muka tarar an gina muka shiga inuwarsa, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da na yaba wa malamanmu a kai shi ne ba su nemi kashe wannan alfahari ba, aiki suka ba shi.

Ƙararrawa ce ta fara koya mana. Ita ke tashe mu tun gari bai waye ba, ko da a tsakiyar hunturun Zariya ne, lokacin da ruwan bokiti ke sa yatsu su sandare, mu yi wanka mu nufi majami'a domin addu'ar safe da Mas, babbar ibadar Katolika. Ita ce kuma ke tsayar da kowa cak domin addu'ar Mala'ikan Ubangiji, ko kana tafe da kwanon abinci ko kana tsakiyar gardamar ƙwallo. Da farko yaro yakan ɗauka takura ce kawai, amma sannu a hankali sai ya gane cewa Fadan da ke koyar da shi, duk da shekarunsa da iliminsa, wannan ƙararrawar yake bi, har ma yakan riga kowa zama a majami'a. Ganin babba yana bin dokar da ya ɗora wa yaro ya fi dogon wa'azi tasiri, kuma ban ga abin da ya kai wannan gyara mini ɗabi'a ba.

Aikin hannu kuma ya daidaita mu. Ɗan ma'aikacin gwamnati daga Kaduna da ɗan manomi irina langalanga ɗaya ake miƙa musu su yanke ciyawa, kuma a nan ne na fara ganin cewa abin da na koya a gonar Baba yana da ƙima, domin ni ne nake nuna wa wasu yadda ake wasa ƙarfe. A ɗakin kwana akwai Atyap da Bajju daga kudancin jihar, da Inyamurai da Tibi waɗanda aka haifa a Sabon Gari da Samaru, wasunsu ba su taɓa zama da Bahaushe Kirista ba sai a kaina. Ranar da aka ba ni karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa a gaban jama'a, wani Fada ya kira ni bayan an tashi ya ce, "Ɗana, ka karanta yadda kowa ya ji." Wannan ne yabo na farko da na san da gumina na same shi.

Ba dukanmu ne muka wuce babbar seminari muka zama Fada ba, da yawa mun zama malamai da ma'aikatan lafiya da lauyoyi da manoma, kuma ba a taɓa nuna mana cewa hakan faɗuwa ce ba. Ni koyarwa na zaɓa. A duk farkon zangon karatu, idan na ga yaran aji ɗaya suna tafe suna duban bajon da ke ƙirjinsu, ba na barin manyan ɗalibai su yi musu dariya. Nakan zaunar da su in ba su tarihin makarantar da sunayen waɗanda suka gabace su, sa'an nan in raba wa kowane yaro aikin da za a riƙa tambayarsa a kai har ƙarshen shekara, wani ya kula da allo, wani rajistar littattafan aji, wani kuma ban ruwan itatuwan da aka dasa a bakin aji.